Yadda za ka bi tarihin ƙungiyar tseren keke ba tare da sunan kamfani ya ruɗe ka ba

A tseren keke na ƙwararru yawanci ƙungiya ba ta ɗaukar sunan gari irin na ƙwallon ƙafa, sunan wanda ya zuba kuɗi take ɗauka, ranar da ya janye sai suna ya canza riga ma ta canza amma mutanen suna nan. Don haka in za ka bincika tarihi kar ka fara da sunan da ke jikin riga, fara da kamfanin da ke riƙe da lasisin UCI, wato hukumar tseren keke ta duniya, da kuma manaja.

Gwada da Movistar ta Sifaniya. Lasisinta na hannun Abarca Sports, kuma in ka bi manajojin da suka jagorance ta, Eusebio Unzué da José Miguel Echavarri, baya baya za su kai ka har 1980, lokacin ana kiranta Reynolds. A wannan rigar Pedro Delgado ya ci Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a 1988. Daga 1990 bankin Banesto ya karɓa, nan ne Miguel Indurain ya ci Tour sau 5 a jere, 1991 zuwa 1995, gaskiya ni nan na fi so mutum ya tsaya ya duba sosai don shekarun ne suka gina ƙungiyar. Sai Illes Balears a 2004, sai Caisse d'Epargne, sai Movistar tun 2011. Ka samu takarda ka ja layi, shekara gefe ɗaya suna gefe ɗaya, ka rubuta manyan nasarori a ƙarƙashin kowane suna.

Sannan ka kula da sakamakon da aka gyara daga baya. Óscar Pereiro, ɗan wannan ƙungiya lokacin tana Caisse d'Epargne, na biyu ya zo a Tour ɗin 2006, sai da aka kama Floyd Landis, wanda ya zo na ɗaya, da shan ƙwayoyin ƙara kuzari aka ba shi kambun, to tsohuwar jarida wani abu daban za ta nuna maka.

Akwai kuma shekarar da mai ɗaukar nauyi ke tafiya ba a samu wani ba, kar ka ɗauka ƙungiyar ta mutu. Rabobank ta Holan bankin ya janye a 2012 saboda badaƙalar ƙwayoyi, suka shiga 2013 da sunan Blanco har Belkin ya zo a tsakiyar shekarar, ita ce dai daga baya ta zama Jumbo-Visma, sai ka haɗa su duka a layi ɗaya.