Yadda za ka tantance ƙarin harajin attajirai

Idan gwamnati ta ce za ta ƙara wa masu kuɗi haraji, fara neman iyakar da ƙarin zai soma aiki. Nan mutane ke yawan ruɗewa. A ce iyakar miliyan 10 ce a shekara, an ɗaga harajin daga kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. Mai samun miliyan 12, miliyan 2 na sama kaɗai ƙarin ya shafa, wato zai ƙara biyan dubu 100.

Sai ka duba wane irin samu dokar ta taɓa. Arzikin manyan attajirai yana cikin hannun jari da gidaje, kuma galibi ba a karɓar haraji kan ƙaruwar darajarsu sai an sayar. Dokar da ta tsaya kan albashi ta tsallake su.

Batun kashe kuɗin kuwa, kasafin da aka karanta a majalisa alkawari ne kawai. Nemi rahoton aiwatar da kasafi da na babban mai binciken kuɗi, ka kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki. Fara cire kuɗin biyan bashi tukuna, domin shi ake biya kafin a waiwayi asibiti ko makaranta.