Tafiyar Hutu da Ƙananan Yara: Inda Iyaye Ma'aikata Suka Fi Yin Kuskure

Da zarar gwamnati ta sanar da hutun sallah, ma'aikacin da ke Abuja ko Kaduna ko Legas zai hau lissafi: kwana nawa na samu, yaushe zan tashi, yaushe zan dawo in shiga ofis. Ba kasafai ake saka jaririyar wata takwas da yayanta ɗan shekara uku a cikin wannan lissafi ba, kuma daga nan yawancin wahalar hanya take farowa. Ana yanka tafiya daidai da hutun ofis, sannan a tilasta wa yara su shiga ciki ko ta halin ƙaƙa, alhali jikin yaro lokacin barcinsa da na yunwarsa kawai ya sani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kama hanya bayan an tashi daga aiki, wai don kada a yi asarar yini. Maigida ya dawo a gajiye da la'asar, uwargida ita ma daga wurin aikinta take, an cusa kaya a jaka cikin gaggawa. Daga Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, don haka kafin a wuce Kaduna duhu ya yi. Dare kuwa shi ne lokacin da direba ke gyangyaɗi, ramuka ba sa ganuwa, ga matsalar tsaro, kuma idan yaro ya fara amai da wuya a samu kemis a buɗe. Gyaran mai sauƙi ne: a haɗa kaya tun kwana biyu kafin ranar, a kwanta da wuri, a tashi bayan sallar asuba. Yara sukan koma barci a sanyin safiya, kafin su farka an ci rabin hanya.

Sai ƙin tsayawa. Akwai iyaye maza da ke ɗaukar tsayawa a hanya kamar gazawa, yaro na kuka suna cewa "yi shiru, mun kusa", alhali ko Zariya ba a kai ba. Wanda ke tafe da ƙananan yara a motar gida ya saka tsayawa cikin lissafinsa tun daga gida, kamar bayan kowane awa biyu, a gidan mai ko masallacin da ke da jama'a. A sauke yaro ya taka ƙasa, a canza famfas, a shayar a natse. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli, babu dalilin da zai sa mutum ya tsananta wa iyalinsa. Kuma idan an tsaya, kada a bar yaro a cikin mota a kulle don yana barci, ko da alwala kawai za a yi. A watan Maris da Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, cikin rufaffiyar mota ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

A motar haya, matsalar kujera ce. Uwa ta biya kujera ɗaya, jariri a ƙirji, babban a cinya, jaka a ƙafa, haka za a shafe awa shida. Kuɗin ƙarin kujera ɗaya bai kai kuɗin tsarabar da aka lodo a but ba, kuma ya fi ta amfani. A je tasha da wuri, a yi magana da ɗan kamasho a samu gefen taga a baya. Gaban mota ba wurin yaro ba ne: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta hana zaunar da yaran da ba su kai shekara 12 ba a gaba, domin idan aka taka burki da ƙarfi babu hannun da zai iya riƙe yaron da ke kan cinya. Mai motar kansa ya sayi kujerar yara, ko ta hannu ce, ya ɗaure ta a baya. Lambar gaggawa ta hukumar 122 ce, a ajiye ta a waya.

Wanda hanyarsa ta bi tsakanin Abuja da Kaduna yana da zaɓin jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2016, daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa. Yaro zai iya miƙewa, akwai banɗaki. Tikiti dai yakan yi wuya gab da sallah, a nema da wuri. A jirgin sama kuma, a ba jariri nono lokacin tashi da sauka, haɗiyar tana rage masa ciwon kunne.

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina gaba ɗaya: ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci a hanya. Ba don haka aka yi su ba, suna iya danne numfashin ƙaramin yaro, wasu yaran ma ƙara birkicewa suke yi. Yaron da ya ƙoshi, aka sa masa kaya marasa nauyi, iska na shiga, zai yi barci da kansa.

Abin da ya fi kwantar da yara a tafiya shi ne abin da ke shiga bakinsu. Mota ta tsaya, masu talla sun yanyame taga, yaro ya miƙa hannu, a saya masa fura da nono ko awara ko yankakken kankana da ya yini a buɗe cikin ƙura. Babba zai iya ci ya kwana lafiya, yaro kuwa kafin gari ya waye gudawa ta kama shi. A taho da abincinsa daga gida: kunu a filas, dafaffen ƙwai, biredi, ayaba, da ruwan da aka amince da shi. A ware wata ƙaramar jaka da za ta zauna a hannu, kada ta shiga but. A cikinta a saka famfas, kayan canji kala biyu na yaro da ɗaya na uwa, ledojin amai, sabulu, farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, wato ORS, tare da ƙwayar zinc. Idan gudawa ta zo, a narkar da ƙullin yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da shayarwa. Idan babu na kemis, a haɗa lita ɗaya na tsaftataccen ruwa da sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a sake sabo. Amma yaron da ya kasa shan komai, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko idonsa ya faɗa, ko ya fara jijjiga, ko aka ga jini a bayan gidansa, wannan asibiti mafi kusa za a nufa, ba a jira sai an isa gida.

Katin rigakafi ma a saka shi a jakar, musamman masu ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram. Idan damina ce, a tafi da gidan sauro, kada a dogara da cewa za a tarar da shi a can. Yaron birni da ya saba kwana a ɗaki mai raga ba shi da wata kariya a ɗakin da ke kusa da gona.

An isa lafiya, sai wani sabon aiki ya taso. Saboda kwanakin kaɗan ne, sai a so a zaga dangi duka a yini biyu: gidan kawu, gidan gwaggo, surukai, ta'aziyyar da aka rasa, barkar da ba a je ba. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ba dole ba ne a ja jariri gida goma cikin rana. A zaɓi gidajen da za a kai yara, sauran babba ya je shi kaɗai lokacin da suke barcin rana.

A nan ne kuma ake gane wanda ya girma a matsayin uba. Kaka za ta karɓi jaririya 'yar wata uku, ta ga ana zafi, ta ce a ba ta ruwa ko wani jiƙo, da kyakkyawar niyya. Matar ɗa ba za ta iya musu da surukarta ba, kunya ba za ta bari ba. Miji ne ya kamata ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a asibiti sun ce nono kaɗai za ta sha sai ta cika wata shida, akwai ruwan da ya ishe ta a cikinsa." Magana ce da idan ɗa ya faɗa da ladabi takan wuce lafiya, idan aka bar wa matarsa kuwa ta zama abin da za a daɗe ana tunawa. Haka nan maigidan da ya sauke iyali ya wuce majalisar abokai har tsakar dare ya sani matarsa ita ma ma'aikaciya ce, ita ma ranar Litinin za ta koma. Ya karɓi babban yaron, ya yi masa wanka, ya tafi da shi masallaci.

Kada kuma a tafi da ofis a aljihu. Kafin hutu a miƙa aiki ga abokin aiki a rubuce, a sanar da oga lokacin da za a iya samunka, sauran lokacin a ajiye waya. Amsa kiran aiki ana tuƙi da yara a baya ganganci ne.

Dawowa ranar Lahadi da dare ita ce ke ɓata mako guda: kaya a ɗaure, wanki jibge, yara sun rikice, ga makaranta da aiki da safe. Gara a rage kwana ɗaya a can a dawo da yini guda a hannu. A cikin makonni biyu zuwa uku da dawowa a sa ido a kan jikin yaran, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana a ranar da sauro ya yi cizon, yakan ɗauki mako ɗaya ko fiye. Idan jiki ya yi zafi, a je a yi gwajin jini kafin a ba da maganin maleriya, a kuma faɗa wa likita garin da aka je da ranar da aka dawo.