'Yar tsanar roba mai haske cikin duhu: kurakuran da ke dusashe ta

Duk wanda ya taɓa riƙe carbin nan mai haske cikin duhu, ko agogon da hannayensa ke ƙyalli da dare, ya riga ya san abin da ke jikin 'yan tsanar roba da masu tara kayan ado ke saye da tsada, irin su Funko Pop na Amurka da sofubi na Japan. Wani garin sinadari ne ake cuɗawa cikin robar ko cikin fentin. Yana shan haske ya ajiye, sannan ya riƙa sakinsa a hankali. Ba batir, ba waya. Mafi yawan waɗanda ke kukan cewa tasu ta mutu, ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ciyar da ita hasken da ba ya ƙosar da ita. Mutum zai haska mata tocilar waya na ɗan lokaci, ko ya bar ta ƙarƙashin ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa, ya kashe wuta, ya ga dishi-dishi, ya ce an cuce shi. Sinadarin nan ya fi shan hasken UV, wato wani haske da ido ba ya gani, da kuma shuɗin haske, su kuma ƙwayayen gida masu launin ɗorawa kaɗan ne suke bayarwa daga cikinsa. Maganin ba tsada: ƙaramar tocilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, mai lamba 365 ko 395 a jiki. A haska mata na minti ɗaya ko biyu, a juya ta gaba da baya, za a ga bambanci nan take. A dai kiyaye haska wannan tocila a ido. Kuma a fito da ita daga kwali kafin caji, domin kwalin ya tare ɓangarori da yawa, farar robar tagar ma tana rage abin da ke shiga.

Daga nan sai mutane su faɗa cikin kuskure na biyu, wanda a ganina shi ne babba, domin shi ba a gyara shi. Wani ya ji cewa rana ce ta fi caji, gaskiya ne kuwa, sai ya ɗora 'yar tsanar a bakin taga ta wuni, gobe ma haka, har wata guda. Sinadarin yana cika cikin 'yan mintuna, kamar tulu ne, in ya cika duk abin da aka ƙara zuba ne kawai. Ita kuwa robar, wadda ake kira PVC, rana maƙiyarta ce. Tana sa ta koma ruwan ɗorawa, fenti ya koɗe, man da ke tausasa ta ya fara tsattsafowa har jikin ya yi danƙo. Robar da ta yi ɗorawa kuma tana tare hasken shiga da na fita. Wato garin neman gira an rasa ido. Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san ranar watan Afrilu ba ta wasa. Minti biyar ya isa, a mayar da ita inuwa. Cikin mota a rufe kuwa, kada ma a fara, roba mai laushi lanƙwashewa take yi, kan ya karkace, ƙafafu su kasa tsayuwa.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa 'yar tsana alhali na ido ne. Idon ɗan Adam yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. In ka fito daga kallon waya ka leƙa ɗaki, ba za ka ga komai ba, amma wanda ya farka cikin dare a ɗakin zai gan ta sarai. Hotunan talla ma suna ruɗi: kyamara takan tara haske na daƙiƙoƙi da yawa, ko a ɗauki hoton alhali tocilar UV na kunne a gefe. Ƙyallin farko mai ƙarfi yana sauka cikin 'yan mintuna ko da a kan mafi kyawun kaya, abin da ya rage shi ne ɗan haske mai laushi da ke jan lokaci. Haka abin yake, ba lalacewa ba ce.

Sai batun irin sinadarin, wanda ba ka da iko a kansa bayan ka saya. Tsohon yayi shi ne zinki salfaid da aka sa wa ɗan tagulla, mai araha, mai saurin gajiya. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da wani sabo na sitironshiyam aluminet da sunan LumiNova, wanda ya ninka tsohon kusan sau 10 a ƙarfi da daɗewa, yana iya kaiwa asuba in an cika shi da kyau. Masu kayan arha da na jabu sukan rage garin ko su sa tsohon. Launi ma yana da tasiri: kore da shuɗi-kore su ne gwanaye, domin nan ne ido ya fi gani cikin duhu, ja da ruwan lemo da shunayya kuwa raunana ne tun daga masana'anta. Wanda ya sayi ja yana jiran hasken kore, shi ya yi wa kansa. Haka nan a duba inda aka sa garin. Wata a cikin robar gaba ɗaya yake, wata a siririn fenti na sama kawai, wata kuma an lulluɓe rabin jikinta da fenti mai kauri, sai ido ko hannu kaɗai ke ƙyalli. Kafin ka biya kuɗi, nemi mai sayarwa ya turo bidiyon da aka kashe tocila aka bar ta minti biyar, ba hoto ba.

Wankin ma ana kuskure. Ƙurar hunturu tana kwanciya ta rage haske, sai wani ya ɗauko fetur, ko kananzir, ko ruwan goge fentin farce. Waɗannan suna cinye fenti, in kuma garin a fentin yake, ya tafi ke nan har abada. Jiƙa ta a ruwa na tsawon lokaci ma ba alheri ba ne, domin danshi yana ɓata garin da ke fili: sabon yana rasa ƙarfi, tsohon yana yin baƙi in danshi ya haɗu da rana. Burushi mai laushi ya wadatar ga ƙura. In akwai danƙo, a sa ƙyalle mai ɗan lema da ɗigon sabulu, a goge a hankali, a busar nan take a inuwa.

Yawan caji ba ya ƙarar da ita, don haka ba sai an yi mata rowar tocila ba. A ajiye ta cikin kabad mai gilashi nesa da taga, da damina a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, tocilar UV kuma ta zauna a gefenta.