Yadda ake zaɓa da gwada antibodi don binciken makarɓan kimokain

Fararen ƙwayoyin jini ba sa yawo a jiki kara zube. Akwai ƙananan furotin da ake kira kimokain, su ke kiransu zuwa inda aka ji rauni ko cuta ta shiga, su kuma ƙwayoyin suna jin kiran ta makarɓan da ke jikin fatarsu. Makarɓan nan sun kai kusan 20 a jikin ɗan Adam, kowanne igiyar furotin ce da ta ratsa fatar ƙwaya sau 7. Biyu daga cikinsu sun yi suna a 1996, da aka gano cewa CCR5 da CXCR4 su ne ƙofofin da ƙwayar cutar ƙanjamau ke bi ta shiga ƙwayar T, wani nau'in farar ƙwayar jini, bayan ta kama furotin CD4 da ke fatarta. Duk mai son ganin makarɓan nan a jinin mutum, antibodi ne idonsa, wato furotin na garkuwar jiki da ke manne wa abu ɗaya takamaimai, wanda ake haɗa shi da rini mai haske don a ga inda ya manne. Sai dai ido ne da kan yi gizo, don haka a gwada shi kafin a yarda da abin da ya nuna.

Mataki na farko, ka san aikin da za ka sa shi. Antibodin da ke gane makarɓi a kan ƙwaya mai rai, a injin fulo saitometiri mai auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba lallai ne ya gane shi ba bayan an warware furotin ɗin a gwajin Western, inda ake jera furotin bisa girmansu. Siffar makarɓi yake kamawa, in siffar ta lalace, shi ke nan. In kuma toshe makarɓin kake so ka yi, ka ga ko ƙwayoyi za su daina bin kira, to nemi wanda babu sinadarin azaid a cikinsa, domin azaid guba ne ga ƙwaya mai rai.

Na biyu, ka saya da sunan kulon, wato zuriyar ƙwaya ɗaya da ke samar da antibodin, ba da sunan kamfani kaɗai ba. A kundin kamfanoni za ka ga CCR5 da sunan CD195, CXCR4 kuwa CD184, CCR7 kuma CD197. Kulon 12G5 na CXCR4, da 2D7 na CCR5, da 3D12 na CCR7 duk tsofaffin hannu ne, an daɗe ana aiki da su. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da irin waɗannan, ya bar sabo mai araha sai ya ƙware. Makarɓan kimokain ba su da yawa a kan ƙwaya, saboda haka a haɗa su da rini mai ƙarfin haske kamar PE, a bar wa CD3 da CD4, alamomin da ake gane ƙwayoyin T da su, rinin da bai kai shi ba.

Na uku shi ne jinin kansa, kuma a nan aka fi yin asara. Makarɓan nan ba sa zama wuri ɗaya. Da zarar kimokain ya taɓa su, sai ƙwayar ta haɗiye su ciki, bayan wani lokaci ta sake fito da su. Jinin da ya kwana a kan tebur, ko ƙwayoyin da aka daskarar aka narkar, ba za su nuna maka abin da ke jikin mai jinin ba. Yi aiki da sabon jini cikin 'yan sa'o'i. In dole ne a daskarar, to a daskarar da duka samfuran hanya ɗaya, kada a kwatanta sabo da daskararre. Sannan a kula da zafi. Mun saba yin rini a kan ƙanƙara, amma CCR7 ya fi fitowa sosai in an bar shi a digiri 37 na minti 15 zuwa 30, kafin a ƙara sauran antibodin. Na taɓa ɓata mako guda ina zargin kwalbar CCR7 da lalacewa, ashe ƙanƙarar ce ta ɓoye mini shi. Ranar da na kai bututun cikin ɗumi, sai ga ƙwayoyin sun rabu gida biyu a allon kwamfuta, tsaf.

Na huɗu, auna adadin da ya dace. Ɗauki ƙwayoyi daidai wa daida a bututu 5 ko 6, ka riƙa raba antibodin biyu daga wannan bututu zuwa na gaba, ka zaɓi inda masu haske suka fi nisa da marasa haske. Sau da yawa bai kai abin da kamfani ya rubuta ba, ka ga kwalba ta ƙara auki.

Na biyar, ka sa antibodin ya kawo shaida. Toshe makarɓan Fc tukuna, wato masu kama wutsiyar antibodi, domin fararen ƙwayoyin da ake kira monosait kan cafke kowane antibodi ta wutsiya. Sa rinin da ke ware matattun ƙwayoyi. Haɗa bututu ɗaya mai ɗauke da dukkan rini ban da na makarɓin da kake nema, shi zai nuna maka inda za ka ja iyaka. Shaida mafi ƙarfi ita ce ƙwayoyin HEK293, waɗanda ake renonsu a ɗakin gwaji, da aka dasa wa makarɓin a kwatanta da waɗanda ba a dasa wa ba, ko ƙwayoyin da aka cire musu shi da CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado. In babu halin wannan, jinin da ke hannunka ma shaida ne: ƙwayoyin T da ba su taɓa haɗuwa da cuta ba, masu alamar CD45RA, suna ɗauke da CCR7 amma kusan babu CCR5 a kansu. In antibodinka ya haska su da CCR5, akwai lauje cikin naɗi. Ga CXCR4 kuwa, zuba wa ƙwayoyin CXCL12, kimokain ɗin da ke kama shi, ko maganin AMD3100 mai toshe shi, hasken 12G5 ya kamata ya ragu ƙwarai.

Akwai abu biyu da ya kamata mai aiki da jinin mutanenmu ya sani. A arewacin Turai kusan mutum 1 cikin 100 ba shi da CCR5 a kan ƙwayoyinsa saboda sauyin gado da ake kira delta 32, masu bincike a can kan yi amfani da jininsu wajen gwada antibodi. A Afirka ta Yamma da wuya ka samu irin wannan. Amma akasin haka ne ga makarɓin ACKR1, wato Duffy, wanda nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax ke bi ya shiga jan ƙwayar jini: mafi yawanmu ba mu da shi a kan jajayen ƙwayoyinmu. In ka gwada jini a Kano ko Damagaram ka ga wayam, kada ka yi saurin ɗora wa kwalba laifi, nemo samfurin da aka tabbatar yana da Duffy ka gwada.

Daga nan sai ajiya. Antibodi mai rini yana son firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, cikin duhu, ba a daskarar da shi. Inda wuta ke ɗaukewa, sa ma'aunin zafi a firij ɗin, ka duba kowace safiya. Rubuta sunan kulon, lambar kwalba da adadin da ka zuba a littafin aikinka, kuma duk sanda sabuwar kwalba ta iso, gwada ta gefe da gefe da tsohuwar a kan jini ɗaya kafin tsohuwar ta ƙare.