Yadda ake gyara filin unguwa da bakin tafki ya yi kyau kuma ya ɗore

Shekara shida kenan ina zaune a wata ƴar ƙaramar unguwa kusa da tafkin Jabi a Abuja, kuma tun a shekara ta biyu maƙwabta suka saka ni cikin kwamitin da ke kula da ɗan filin da yara ke wasa da hanyoyin cikin unguwa da gangaren da ya sauka zuwa ruwa. Abin da zan kawo nan duk da hannunmu muka yi shi, wani ya yi daidai tun farko, wani kuma sai da kuɗinmu suka bi ruwa sannan muka gane. Wanda ke zaune gefen dam ko tafki ko ma babban kududdufi a wani gari zai iya ɗauka ya daidaita da wajensu.

Dan Allah kar a fara da fulawa da fenti. Mu da su muka fara, aka je wajen masu sayar da shuke-shuke na bakin titi aka ciko mota aka jera a gangare, aka shafe bencuna da koren fenti kowa na ɗaukar hoto, toh ruwa biyu aka yi masu ƙarfi a watan Agusta, wallahi da safe muka tarar rabin fulawar na cikin tafki, rabi kuma laka da ledar fiya wata sun binne ta. Duk abin da aka yar a bayan gidaje ƙarshensa cikin ruwan nan ne, don haka daga can sama aikin yake farawa.

Mataki na farko: a bi ruwa da ƙafa

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi mutum biyu ko uku su ɗauki lema su fita tun ana yayyafi, su fara daga gidan da ya fi kowanne tudu su bi ruwan har inda ya faɗa tafki. A duba ina yake kwanciya, wace kwalbati ce ta toshe, ina ya bar lambatu ya hau hanya, ina kuma ya fara cin ƙasa. A ɗauki bidiyo da waya, domin da rani ya shigo kowa mantawa yake sai a yi ta musu a wajen mitin. Sannan a watan Satumba da tafki ya cika maƙil a kafa turaku a daidai inda ruwa ya tsaya a shafa musu jan fenti. Ƙasa da wannan layin ba a zuba siminti, ba a kafa benci, ba a ja wayar wuta, kuma ma a ƙara tazara sama da shi saboda shekarar da damina za ta fi ta bana. Jabi tafki ne da aka tare ruwa aka yi shi, yana hawa yana sauka, kuma duk wanda ya ga abin da ya samu Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ya san ruwan da aka tare ba abin raini ba ne.

Mataki na biyu: mutane da kuɗi

Kwamiti kar ya wuce mutum biyar ko bakwai, kuma kar ya zama na masu gidaje zalla. A saka ɗan haya, a saka mace ko biyu domin su suka san inda yara ke zuwa da lokacin da suke zuwa, a saka matashi ɗaya da zai iya tara ƴan uwansa ranar aikin gayya. Kuɗi kuwa a buɗe asusun banki wanda sai mutum biyu sun sa hannu, kowane ƙarshen wata ma'aji ya saka abin da ya shigo da abin da ya fita a gurup ɗin WhatsApp na unguwa har da hoton rasit. Mu da muka fara haka ne mutanen da a da sai an bi su gida suka koma turo nasu da kansu. Shawarata ita ce kaso mafi girma ya tafi kan albashin mai kula da wajen da yashe lambatu da kwashe shara, ragowar ne na ado. Sannan kafin a taɓa bakin ruwan kansa a nemi izini a rubuce, domin gaɓar tafki ba ta unguwa ba ce, a nan Abuja akwai sashen kula da wuraren shaƙatawa na hukumar birnin tarayya, shara kuma hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB, ce ke da ita.

Mataki na uku: lambatu da shara

Nan ne aikin da ba mai son yi kuma nan ne rabin nasara take. A watan Maris kafin ruwan farko a yi gayya, a fito da shebur da baro da manjagara da safar hannu a yashe kowane lambatu tun daga sama zuwa ƙasa. Abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, kar a tara shi a bakin lambatu a ce sai ya bushe, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito kuma gumin mutane ya tafi a banza. A inda babban lambatu ke shirin faɗawa tafki a sa mai walda ya yi raga ta ƙarfe wadda ake iya ɗagawa, a gabanta kuma a tona ɗan rami da yashi zai riƙa kwanciya. Bayan kowane ruwan sama a je a kwashe abin da ragar ta tare, in ba haka ba ita kanta za ta zama toshiya ruwa ya koma gidajen mutane. Ranar farko da muka saka tamu buhu uku muka cika da roba da leda da tsofaffin silifas.

Sai maganar da take kawo ɓacin rai, wato gidajen da suka juyo bututun wanki ko na sokawe cikin lambatu. Wannan ruwan shi ne yake sa bakin tafki wari da kore, shi ne abincin kainuwa. Kar a kira sunan kowa a gurup, a samu dattijo ɗaya a kwamiti ya je gidan shi kaɗai bayan la'asar su yi magana, yawanci mai gidan ma bai san inda mai aikin famfo ya kai bututun ba. Kwandon shara kuma a saka shi kusa da kowane benci, wanda ke da murfi kuma an ɗaure shi, domin ba wanda zai yi tafiya mai nisa da ɓawon gyaɗa a hannu.

Mataki na huɗu: gangaren da bakin ruwa

Mun daɗe muna jayayya kan a yi katangar siminti a gangare, har aka kawo mana lissafi mai tsoratarwa. Akwai wani dattijo mutumin ƙasar Haɗeja da ke rainon shuke-shuke kusa da mu, wata rana na tsaya wajensa na ce, “Baba, ya kake gani, mu yi katangar nan kuwa?” Ya ajiye butar ban ruwansa ya dubi gangaren ya ce, “Ɗana, ruwa ta ƙarƙashi zai bi ya rarake muku ita. Ku nemo jema.”

Jema ita ce ciyawar nan ta fadama da ake saƙa da ita, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe ƙasa tamau, ruwa ya shanye ta ba ta mutuwa, rani ma haka. Yadda ake dasa ta, a tono gindi ɗaya a rarraba shi ƙanana kowanne da kara biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa a jere da tazarar santimita 10 zuwa 15, kuma layin ya gitta gangaren kada ya bi shi ƙasa. Layi biyu ko uku ya isa, a yi a farkon damina. Da ta haɗe sai ta zama kamar tsintsiya, ruwa ya wuce a hankali laka da shara su tsaya, kuma in ana aske ta daidai gwiwa kyau take yi ƙwarai, ganyen da aka yanke a baza shi gindin bishiyoyi.

Kainuwa dai ana mata kirari da dashen Allah, amma in ta samu ruwa mai datti cikin ɗan lokaci za ta rufe gaɓa baki ɗaya. A janyo ta da manjagara mai dogon ƙota tun tana kaɗan, a kai ta nesa da ruwa ta bushe ta zama taki. Kar a kuskura a fesa maganin ciyawa a ruwa, akwai kifi akwai masu su akwai dabbobin da ke sha. Kachala kuma, wato doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, da an ga ta fara tsirowa a yanke ta ƙarƙashin ruwa kafin ta yi kai, Baba ya ba mu labarin yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta hana masunta da manoma sakat. Duk wanda zai shiga ruwa aikin nan ya sa dogon takalmin roba, saboda tsargiya daga ƴan ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa ake ɗaukarta, ta fata take shiga.

Mataki na biyar: bishiyoyi

A dasa a watan Yuni da ƙasa ta jiƙa, rami kamar santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen kashin shanu, a cire ledar da aka raino shukar a ciki (mun taɓa tono wadda ta ƙi girma muka tarar da ledarta ba a cire ba). Don inuwa ba kamar maɗaci, a ba shi tazarar mita 8 zuwa 10, sai dai a sa ido domin masu neman magani suna sassaƙe masa ɓawo har ya bushe. Darbejiya tana saurin tashi, tsamiya tana jinkiri amma ta jikoki ce. Kusa da ruwa inda ƙasa ke jiƙe giyayya da ɓaure sun fi dacewa. Ceɗiya da durumi a nisanta su daga lambatu da katanga saboda saiwa. Kowace shuka a yi mata keji saboda awaki, kuma abin da ya fi yi mana amfani shi ne raba su ga gidaje, kowane gida da bishiyarsa, yaran gidan ne ke kai mata bokitin ruwa sau biyu ko uku a sati da rani har sai ta yi shekara biyu.

Mataki na shida: yanzu ne lokacin ado

Ciyawar fili a saka ƙiri-ƙiri, tana jure taku kuma tana farfaɗowa da ruwan farko, kar a zuba mata takin zamani a kusa da gaɓa don tafki zai gangara. Hanyar ƙafa a yi ta da intalok ko tsakuwa yadda ruwa zai nutse. Bencin siminti ya fi na katako saboda gara, a sa shi ya kalli ruwa kuma a lura da inda inuwa take faɗawa da yamma, tunda lokacin ne mutane ke fitowa. A ware ɗan waje mai tsabta na shimfiɗa tabarma da wurin alwala wanda ruwansa zai tafi gindin bishiya, domin magariba tana riskar mutane a can. Fitila ta sola wadda batirinta ke can sama jikin fitilar ta fi tsira daga ɓarayi.

Wajen wasan yara kuwa ya kasance can nesa da ruwa, da shinge tsakani da ƙofa mai sakata, a zuba yashi ƙarƙashin lilo. Tsofaffin tayoyin da ake fentawa a yi ado da su a huda su ko a cika su da ƙasa, domin sauro a irin wannan ɗan ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Fulawa a zaɓi masu jure rana kuma a dasa su sama da layin jema.

Daga nan sai kulawa ta yau da gobe. A ɗauki mutum ɗaya a ba shi albashi a kan lokaci, a rubuta masa abin da zai yi kullum da na sati-sati, a saya masa kayan aiki a ba shi ɗaki mai makulli da zai ajiye su. Gayya a riƙa yinta Asabar ɗaya a wata, tun da safe kafin rana ta yi zafi, wani ya kawo kunu da ƙosai. A watan Nuwamba kafin hunturu ya kankama a yanke duk busasshiyar ciyawar da ke kewaye da fili a kwashe ta, musamman gindin ƙananan bishiyoyi da jikin shingen yara, kuma a roƙi masu gadi kar su hura wutar jin ɗumi a gangaren.