Tashin zuciya bayan shan maganin ciwo: kurakuran da muke yi a gida da gyaransu

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na baya ne ko na gwiwa, sikila ce ko daji, yana shan wuya kafin ya ga likita. Sai ya haɗa kuɗin mota, ya yi sammako zuwa Birnin Kudu ko Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, ya bi layi, a rubuta masa magani. Ya dawo ya sha, ciwo ya lafa, sai zuciya ta fara tashi, yawu ya cika baki, ƙamshin miya ma ya zame masa wari. A nan ake fara kuskure, kuma da yawa daga ciki mun yi su a gidanmu lokacin da Inna ke jinyar bayanta.

Wanda aka fi yi shi ne a ce "maganin bai karɓe ni ba", a tura shi ƙarƙashin katifa, a yi shiru. Magunguna irin su tiramadol da kodin da mofin suna taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa mai tayar da amai, suna rage motsin hanji, suna kuma sa cikin kunne saurin jin motsi, shi ya sa jiri ke biyo baya. A wurin yawancin mutane jiki yakan saba cikin 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu. Idan abin ya fi ƙarfin haƙuri, a koma wurin wanda ya rubuta, ko a kira shi a waya. Yana iya rage yawan maganin ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, ko ya sauya wani, domin wanda tiramadol ya hana sakat yana iya zama lafiya da wani maganin. Wanda kuwa ya yi makonni yana sha, kada ya yanke rana ɗaya: gumi da zawo da amai da rashin barci za su taso masa, har a ɗauka zazzaɓi ne.

Sai shan magani ciki ba komai. Manomi ya kora ƙwaya da ruwa bayan asuba ya saɓa fartanya. Diklofenak da ibuprofen da firoksikam, waɗanda ake yawan bayarwa don gwiwa da ƙugu, suna ƙona bangon ciki, har su kai ga gyambo. A fara sa wani abu a ciki. Wasu kuma da sun ji haka sai su danna malmala biyu ta tuwo da miya mai mai, ko ƙosai da yaji, nauyin ya ƙara tayar da zuciyar. Koko rabin kofi, kunun gero, ayaba ko gutsuren burodi sun isa, a ci kaɗan kaɗan sau da yawa, ruwa kuma a kurɓa kada a kwankwaɗa. Shayin citta mara ƙarfi yana taimakon wasu. Bayan an sha, a jingina da bango a huta kamar rabin awa. Ba lokacin hawa babur a hanyar burji ba ne, ba kuma na daka ko sunkuyawa shara ba.

Abin da ya fi ɓata mana lokaci a jinyar Inna kuwa shi ne ƙullewar ciki, kuma kunya ce ta ɓoye shi. Mun yi ta sauya abinci, mun yi ta matsa lemon tsami, amai bai tsaya ba. Sai da wata malamar asibiti ta fitar da mu daga ɗakin ta tambaye ta, "Inna, yaushe rabonki da bayan gida?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yau kwana biyar ke nan, 'yar nan." Ashe hanji ne ya cushe, abin da aka ci ya rasa hanyar wucewa. Jiki yana sabawa da tashin zuciyar magunguna irin su tiramadol da kodin da mofin, amma ba ya sabawa da ƙullewar cikinsu, muddin ana sha tana nan. Don haka tun ranar farko a roƙi likita ya haɗa da maganin sassauta ciki, a yawaita ruwa, musamman da bazara, a ci zogale da rama da gwanda da miyar kuɓewa, mai iya takawa ya riƙa zagaya tsakar gida. Ɗa namiji ba zai iya yi wa mahaifiyarsa wannan tambaya ba, na sani. A sa 'yarta ko ƙanwarta ta riƙa tambaya kullum, dattijo kuma a bar wa matarsa ko amininsa.

Garzayawa kemis a ce "a ba ni na amai" shi ma yana da haɗarinsa. Fenagan yana sa barci, tiramadol da mofin suna sa barci, haɗuwarsu a jikin tsoho tana iya danne numfashi. Metoklopramid kuma, musamman ga samari da 'yan mata, yakan sa wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Mutane sai su ce iska ce, a kwana ana hayaƙi, alhali allura ɗaya a asibiti tana warware shi. Ba a wuce kwana 5 ana shan metoklopramid. Maganin amai yana da amfani, amma wanda ya san abin da kake sha ne zai zaɓa maka. Haka nan "haɗin" da ake ƙullawa a takarda, da jiƙo mai ɗaci da jar kanwa: duk wanda ake sha a faɗa wa likita.

Idan magani ya ƙare, kada a cike gurbinsa da na kasuwa. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai nauyin miligiram 50 da 100 ne, mai 225 da ke yawo a hannun 'yan talla haramtacce ne. Babba ba ya wuce miligiram 400 a yini, wuce haka yana kawo amai da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Wanda ya yi amai bayan ya sha, kada ya yi saurin ƙara wata ƙwayar, domin mai yiwuwa ta farkon ta riga ta shiga jiki. A tambaya tukuna. Ƙwayar da aka yi ta narke a hankali cikin yini ba a dakawa a zuba a kunu, yin haka yana sakin ƙarfinta gaba ɗaya. Da azumi ma kada a tattara na yini duka a sha da sahur. A je kafin watan ya kama a sake tsara lokutan, mara lafiya kuma addini ya ba shi sauƙin ya sha ya rama.

Ba kowane amai ne na magani ba. Mace da ta ga ɓatan wata ta faɗa kafin ta ci gaba da sha. Mai sikila da amai ya haɗu masa da zazzaɓi, asibiti zai tafi a ranar. Amai da jini ko baƙi kamar an dama gawayi, bayan gida baƙi kamar kwalta, ciki ya kumbura iska ma ba ta fita, yini guda ko ruwa bai zauna ba, ko mara lafiya ya yi barcin da ake tashinsa da ƙyar numfashinsa na ja da nisa, waɗannan ba a jira gari ya waye. A nemi mota ko da tsakar dare ne, a zuba duk kwalayen magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, a tafi da su.