Darasi na 7: Firijin Ƙasa, Tukunya Cikin Tukunya

Kowa ya san ruwan randa. A tsakiyar bazara, lokacin da ruwan jarka ya koma kamar an ɗora shi a murhu, sai ka sa moɗa ka ɗebo na randa ka ji shi da sanyi har cikin haƙori. Ba wutar lantarki, ba ƙanƙara. A wannan darasi za mu gano abin da ke sanyaya ruwan randa, sannan mu sa shi ya yi mana wani aikin daban, wato ya hana tumatir da alayyafo lalacewa.

Kafin mu ci gaba, kowa ya jiƙa bayan hannunsa da ruwa, ya hura masa iskar baki. Me kuka ji? Sanyi. To ku hura wa busasshen hannun. Ba ɗaya ba ne. Dalili shi ne, duk lokacin da ruwa zai bushe ya bi iska, sai ya kwashi zafin abin da yake kai ya tafi da shi. Abin da zufa ke yi wa jikinmu ke nan. Ita ma randa zufa take yi. Jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, zafi na tafiya, na ciki na yin sanyi. Jarkar roba ba ta da waɗannan ƙofofi, shi ya sa ruwanta ke zama ɗumi. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk sauran darasin a kansa ya tsaya.

Wanda ya yaɗa dabarar

Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, kuma a gidan masu ginin tukwane ya tashi. Ya ga yadda manoman rani ke karyar da kayan lambu ranar da suka tsinko, don in ya kwana biyu sai dai a zubar. Ya kuma ga 'yan mata suna wuni a kan talla maimakon aji, saboda dole kayan su ƙare a yau. Sai ya ɗauki abin da iyayenmu suka sani game da randa ya ƙara masa dabara: ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Tukwane 5,000 na farko da kuɗinsa ya sa aka gina, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000 don ya faɗaɗa aikin. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da kan yi yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. Daga baya dabarar ta isa Darfur a ƙasar Sudan, inda suke kiran tukunyar "zir". Ina son ku lura da abu guda: bai sayo komai daga waje ba. Yumɓu, yashi, ruwa, tsumma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda ake haɗawa

A nemi tukwanen ƙasa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama. In an sa ƙaramar a cikin babbar, tsakaninsu ya kai faɗin yatsu biyu zuwa uku ta kowane gefe. Mafi kyau ku je wurin mai ginin tukwane ku gwada ɗaya cikin ɗaya kafin ku biya, ko ku faɗa mata abin da kuke so ta gina muku daidai. Ku ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Mai lafiya tana ƙara garau, mai tsagu muryarta a dushe take. Kada babbar ta zama an shafa mata fenti ko siminti a baya. Na san ana yi don ado, amma an toshe mata ƙofofin zufa ke nan, ba za ta yi sanyi ba.

Yashin na rafi ake so, ba jar ƙasa ko laka ba. A tankaɗe shi a fitar da tsakuwa da ƙiraren da ke ciki, in da hali a wanke shi. A zuba a gindin babbar tukunya, a ɗora ƙaramar a kai, ana ƙara yashin ko ana ragewa har bakunan tukwanen biyu su yi daidai da juna. Daga nan a cike gefe da gefe da yashi, a bar ɗan wuri kaɗan a sama.

Sai ruwa. A riƙa zubawa a kan yashin a hankali, da buta ko moɗa, ana zagayawa har ya ƙoshi. Kada a kwarara shi gaba ɗaya, ƙaramar tukunyar za ta taso sama ta karkace. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ce abin bai yi ba. Bayan an gama, a jiƙa tsumma mai tsabta ko guntun buhun algarara a rufe bakin, a bar ta ta kwana kafin a sa mata kaya.

Inda za a ajiye ta ya fi komai muhimmanci

Tunda bushewar ruwa ce ke kawo sanyin, tukunyar na bukatar inuwa da iska tare. Ƙarƙashin rumfa, gindin darbejiya, ko zauren da iska ke ratsawa. In kuka kulle ta a ƙuryar ɗaki, ruwan ba zai bushe ba, sanyi ba zai zo ba. In kuka bar ta a rana, zafin da ke shiga zai fi wanda ke fita. Ku ɗora ta a kan duwatsu uku kamar na murhu domin iska ta bi ta ƙarƙashinta ma. A ƙara wa yashi ruwa safe da yamma, a sake jiƙa tsumman duk lokacin da ya bushe. Wanda zai wuni a gona ko kasuwa na iya huda murfin gorar roba da allura, ya cika ta da ruwa, ya kife ta a cikin yashin, ta riƙa ɗiga a hankali har ya dawo.

Da hunturu da bazara, lokacin da iska ke a bushe, aikinta ya fi kyau. A watan Agusta, iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ko wanki ma ba ya bushewa a igiya, don haka sanyin zai ragu sosai. Ba lalacewa tukunyar ta yi ba.

Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, gauta, karas, kuɓewa, kabeji da ganyen miya duk suna son ta. A tsince wanda ya fashe ko ya fara ruɓewa kafin a zuba, don ɗaya kan ɓata saura. Albasa da tafarnuwa da hatsi kuwa bushewa suke so, danshi zai sa su tsiro ko su yi fumfuna. Ina kuma roƙonku, kada ku amince mata da ɗanyen nama, kifi ko madarar jariri. Sanyinta bai kai na firijin lantarki ba, kuma cutar da ke cikin irin wannan abinci ba kullum take wari ba. Maganin da likita ya ce a sa a firiji, a koma a tambaye shi, kada a yanke shawara a gida. Sau ɗaya a mako a kwashe kayan, a goge cikin ƙaramar tukunyar.

Aikin gida

Gani ya kori ji. Ku haɗu mutum uku ko huɗu ku haɗa tukunya ɗaya. Ku sayi tumatir 10 masu nuna iri ɗaya, 5 a cikin tukunya, 5 a faifai a cikin ɗaki. Ku ja layi a tsakiyar shafin littafinku, ku rubuta "ciki" a dama, "waje" a hagu. Kowace safiya ku rubuta kwanan wata da adadin tumatir da suka rage lafiya a kowane ɓangare.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: randa, yashi, zufa, inuwa, danshi.

Lissafi: mai kayan miya tana zubar da tumatir na naira 300 kullum saboda ruɓewa. Nawa take asara a kwana 7? Ku tambayo kuɗin tukwane biyu a kasuwarku, ku lissafa kwana nawa asararta za ta yi kafin ta kai wannan kuɗin. Ku zo da littattafanku da amsoshinku ranar darasi na gaba.